Ruwan Bagaja da Alƙalamin Mai Aikin Albashi

Da yawa cikinmu sun aje alƙalami tun da sunka kama koyarwa a lakwal, daga Tabotaki har Buza da Keita. Kullum zancen guda ne: babu lokaci. Ni kuwa na ce mu sake duba Ruwan Bagaja.

Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta shi don gasar 1933. Ku dubi ginin littafin: Alhaji Imam ya shiga gari, ya gamu da Malam Zurƙe, wani ya yi ma wani tsiya, a wuce gaba. Kowane labari guntu ne mai kai da gindi. A ganina wannan gini ya dace da mai aikin albashi, don zama ɗaya ya isa a gama guntu, kuma ko an yi wata ba a taɓa takarda ba, zaren ba ya ɓacewa.

Amma fa akwai aibi. Guntayen ba su cika riƙe juna ba. Ka sauya ma wasu wuri, mai karatu ba zai ko lura ba. Magana Jari Ce ya fi ɗauruwa, don akun nan yana da dalilin riƙe Musa da labari. Shi kuwa sai da aka ɗauke Imam daga aji zuwa Zariya a 1936 ya rubuta shi.

Mu wa zai ɗauke mu? To, ƴan uwa, wanda dogon labarinsa ya kwanta, ya ciro babi guda ya gama shi makon nan, ya kawo mu karanta a zama na gaba.