Zama da Bindiga a Ɗure

A Damargu ana kiran bindigar toka harba-ka-ruga, don in ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗura mata ta baki: albarushi, tsumma, dalma, a danna da sandar ɗuri. Abin da ya shiga cikinta kuwa ba ya fitowa da sauƙi. Maharbin da ya bar Tenhiya da asuba yana iya yini, har ya kwana, da bindiga a ɗure. A nan ake gane gwani.

Sanin bindiga ya daɗe a ƙasar. A da, ta Damargu ayarin Tarabulus da Agadas ke bi zuwa Damagaram da Kano, da bindigogi cikin kayansu. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubbansu, har igwa da albarushi ake yi masa a Zinder. Har gobe ƴan bindiga ne ke girgiza gari ranar hawan salla.

Babban abokin gabar albarushi laima ce, don gishirin da ke cikinsa yana jawo danshi. Arewacin Tanut fari ya fi yawa, shi ya sa sabon shiga ke sakaci, sai raɓar Agusta ta kunyata shi. Gwani yana zuba albarushinsa a ƙaho, ya toshe bakin sosai, ya rataye shi nesa da murhu da randa. In hadari ya haɗu, ya ɗaure bakin bindiga da ƴar fata, ya liƙe gurbin wuta da kakin zuma, ya rungume ta ƙarƙashin riga. Da hunturu ma fatar ce ke tare yashi, don bututun da ya toshe yana iya fashewa a hannun mai shi.

Dubi sandar ɗurinsa, za ka ga tsaga. Da ya zura ta ya san ko akwai ɗuri a ciki, kada ya ɗora wani a kai. Ba ya sa ƴar hular da ke tayar da wuta sai ya hango nama. Bayan harbi ba ya tsiyaya daga ƙaho kai tsaye, sai ya auna a ɗan mazubi, saboda garwashi kan laɓe a cikin bututu.

Inda ya fi burge ni shi ne sa'ad da ya ja kunama, bindiga ta yi shiru. Albarushin da ya sha danshi yakan yi nawa kafin ya kama. Mai gaggawa sai ya juyo ta ya leƙa. Gwani yana riƙe da ita yadda take, baki na kallon daji, ya jira har ya tabbata ta mutu.

Da ya dawo gida sai ya wanke bututun da ruwan zafi, ya busar, ya shafa mai, tun tokar ba ta zama tsatsa ba. Sannan ya rataye ta can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kafin ya nemi ruwan sha.