Gani Ya Kori Ji: Matsayin Mai Kallo a Finafinan Ban Tsoro na Farkon Ƙarni na 21

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna nufin wanda ya ga abu da idonsa ya fi wanda aka ba labari tabbaci, don haka ganau yake gaba da jiyau a wurin ba da shaida. Finafinan ban tsoro da aka fitar a Japan da Amurka da Sifen tsakanin 1998 da 2009 sun ɗauki wannan daraja ta ganau sun mayar da ita masifa. A cikinsu wanda ya gani shi kan halaka, ko kuwa ya wayi gari da hannunsa dumu-dumu cikin halakar wani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kallo shi ne babban jigon waɗannan finafinai, kuma da irin riƙon da kowane fim ya yi wa wannan jigo ya kamata a auna shi. Za a dubi guda biyar, wato The Ring na 2002, da Saw na 2004, da Hostel na 2005, da Rec da Paranormal Activity waɗanda aka fara nunawa a 2007.

2.0 Ma'aunin Tarke

Kafin a shiga nazari, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da akan haɗa a ƙarƙashin kalmar tsoro. Na farko razana, watau zaburar da jiki kan yi idan ƙara ta tashi ba zato, ko wata fuska ta ɓullo daga duhu. Na biyu ƙyama, wadda kan zo daga ganin jini da yanka da ruɓaɓɓen nama. Na uku fargaba, wadda ita ce zaman ɗar-ɗar na wanda ya san wani abu yana tafe amma bai san ta inda zai ɓullo ba. Razana da ƙyama suna da arhar samu, domin ƙwararren mai haɗa sauti da mai kwalliyar fuska sun isa su samar da su, kuma da an kunna fitila sai su gushe. Fargaba kuwa sai da zubi da tsari mai kyau, ita ce kuma kan bi mai kallo har gida. Matarkin da ya tsaya ga ƙirga sau nawa aka zabura a ɗakin sinima ya auna aikin ma'aikata ne kurum, bai kai ga hikimar fim ɗin ba.

3.0 Kaset Mai Kisa

Tushen The Ring yana Japan. Koji Suzuki ya wallafa littafin a 1991, Hideo Nakata ya mayar da shi fim mai suna Ringu a 1998, sannan Gore Verbinski ya sake yin sa a Amurka a 2002, inda Naomi Watts ta fito a matsayin Rachel, wata 'yar jarida a birnin Seattle. Labarin a taƙaice shi ne akwai wani kaset na bidiyo wanda duk wanda ya kalle shi, wayar tarho za ta buga a sanar da shi sauran kwana bakwai ya mutu. Rachel ta kalla don binciken mutuwar 'yar 'yar'uwarta, daga bisani ɗanta Aidan shi ma ya kalla.

Surar fatalwar tsohuwa ce a adabin Japan. Mace mai farin likkafani da gashi ya rufe fuska, wadda aka zalunta ta dawo ramuwa, tana cikin wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan tun 1825, haka kuma rijiya tana cikin labarin Okiku, baranyar da aka kashe aka jefa cikinta. Abin da ya zo sabo shi ne hanyar da fatalwar ta bi, domin ta bar rijiya ta shiga akwatin talabijin, wato abin da kowane gida ya ajiye a tsakiyar ɗaki.

Ƙarfin fim ɗin yana ga ƙarshensa. Bisa ga al'adar labarun fatalwa, idan aka gano gawar wanda aka zalunta aka yi mata sutura, fitina ta ƙare. Rachel ta gano rijiyar, ta fito da ƙasusuwan yarinyar da ake kira Samara, mai kallo ya saki jiki. Washegari Samara ta rarrafo daga cikin talabijin ta kashe Noah, mahaifin Aidan. A nan ne Rachel ta gane cewa tausayinta bai tsirar da ita ba, abin da ya tsirar da ita shi ne ta kwafi kaset ɗin ta nuna wa wani. Fim ɗin ya rufe tana riƙe da hannun ɗanta yana yin nasa kwafin. A fim ɗin Nakata abin ya fi haka ɗaci, domin uwar ta kama hanya ne zuwa gidan mahaifinta don ta nuna masa. Tsira ke nan da ba ta samuwa sai an miƙa wa wani mutuwa, kuma mai kallo, wanda shi ma an nuna masa kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe, ya san an sa shi a layi.

Raunin fim ɗin Verbinski shi ne yawan bayani. An cusa tarihin dawaki da tsibiri da asibitin masu taɓin hankali a tsakiyarsa, har ya koma kamar labarin ɗan sandan ciki. Nakata ya fi shi sanin darajar shiru. Duk da haka fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya, ya kuma buɗe ƙofar sake yin finafinan Japan a Amurka, irin su The Grudge na 2004.

4.0 Azaba a Matsayin Abin Kallo

Saw, wato zarto, aikin James Wan ne da Leigh Whannell, an yi shi da abin da bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ya kuma kawo fiye da miliyan 100. Mutum biyu ne suka farka a wani ƙazamin banɗaki, kowa da sarƙa a ƙafa, ga gawa kwance tsakaninsu, ga zartuna da ba sa yanka ƙarfe amma suna yanka ƙashi. Ɗaya likita ne, ɗaya kuma mai ɗaukar hoto ne da aka biya ya riƙa bin likitan a ɓoye yana ɗaukarsa. A ƙarshe gawar nan ta miƙe tsaye, ashe shi ne ya shirya tarkon, ya kwanta a inda ba abin da zai wuce shi. Mugun fim ɗin ɗan kallo ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ya kama shi ma da leƙen asirin mutane yake ci. Wanda ya sake kallon Saw na farko zai tarar jinin da aka nuna bai kai wanda yake tunawa ba, domin ko yankan ƙafar da likitan ya yi, galibinsa a fuskarsa da kukan abokin zamansa aka gan shi.

Abin takaici shi ne abin da ya biyo baya. Daga 2004 zuwa 2010 ba shekarar da ba a fitar da sabon kashi ba, har suka cika bakwai, kowane kashi yana ƙoƙarin ya fi na baya muguntar tarko. Fargaba ta ragu, ƙyama ta ƙaru, mai kallo kuma ya koma mai jiran ya ga da wace sabuwar na'ura za a karya mutum.

Hostel na Eli Roth ya fito da zancen a fili. Wasu samari 'yan yawon buɗe ido aka yaudara zuwa ƙasar Sulobakiya, inda wata ƙungiya take sayar da baƙi ga attajirai su azabtar da su don nishaɗi, kuma Ba'amurke ya fi kowa tsada. Akwai hikima a rabinsa na farko, domin samarin da suka shiga Turai suna sayen jikin mata su ne suka koma hajar sayarwa. To, amma fa fim ɗin ya faɗa ramin da ya haƙa. Yana la'antar attajirin da ya biya kuɗi don ya more azabar wani, alhali irin wannan hajar yake sayar wa wanda ya yanki tikiti, kuma kyamara ba ta kau da kai a inda kau da kai zai fi faɗakarwa. A 2006 matarki David Edelstein, a mujallar New York, ya laƙaba wa irin waɗannan finafinai suna mai kwatanta su da finafinan batsa, sai dai azaba ce ta maye gurbin tsiraici. Laƙabin ya yi wa Saw na farko tsanani, amma ya dace da Hostel.

5.0 Kyamara a Hannun Taurari

Salo na uku shi ne wanda ake nuna fim kamar wani faifai ne da aka tsinta bayan masu ɗaukarsa sun halaka. The Blair Witch Project na 1999 ne ya shahara da shi, inda ɗalibai uku suka ɓace a daji. Wannan salo yana da matsala guda da ba ta rabuwa da shi, watau me zai sa wanda mutuwa ta tasam ma ya ci gaba da ɗaukar hoto maimakon ya yar da kyamara ya ranta a na kare. Ƙimar kowane fim a wannan rukuni tana ga amsar da ya bayar.

Rec na Jaume Balagueró da Paco Plaza ya fi kowa gamsasshiyar amsa. Ángela, mai gabatar da shirin talabijin, da Pablo mai ɗaukar hotonta, sun bi 'yan kwana-kwana na birnin Barcelona zuwa wani gidan bene inda aka ce wata tsohuwa tana kururuwa. Tsohuwar ta ciji ɗan sanda, hukuma ta rufe gidan daga waje ba tare da wani bayani ba, cuta kuma ta shiga yaɗuwa. Da farko Ángela tana nacewa a ɗauki komai ne don neman labari, daga nan ta koma don a bar shaidar abin da hukuma ta yi musu, a ƙarshe kuwa da wuta ta ɗauke, kyamarar ce kaɗai idon da ya rage musu a cikin duhu. Dalilin ɗauka yana sauyawa tare da labari, kuma da yake ba a nuna fuskar Pablo, mai kallo ne ke tsaye a gurbinsa. Fim ɗin bai cika minti 80 ba, ba kuma wani fage a cikinsa da za a cire ba a ji giɓi ba.

Paranormal Activity na Oren Peli ya bi wata hanya dabam. An ɗauke shi a gidan mai shirya shi da kimanin dala 15,000, da aka sake shi ga jama'a a 2009 ya tara sama da dala miliyan 190. Akan ce tsoro na daji, kunya na gida, amma wannan fim ya kawo tsoron har gefen gado. Micah ya kafa kyamara a ɗakin barci don ya kama abin da ke damun Katie da dare. Hoton ba ya motsi, gado ne da ƙofa a buɗe da agogo a gefe, sai idon mai kallo ya shiga lalube da kansa, har motsin ƙofa kaɗan ya ishe shi tashin hankali. An gargaɗi Micah kada ya tsokani abin, ya ƙi ji, domin yana son ya samu abin nunawa, kuma duk daren da ya ƙara ɗauka fitinar ƙaruwa take yi. Rauninsa shi ne hirarrakin rana, waɗanda suke maimaita juna, da ƙarshen da ya koma ga razana mai arha bayan fargabar da aka daɗe ana ginawa.

6.0 Finafinan da Zamaninsu

Manazarta da dama sun danganta waɗannan finafinai da harin 11 ga Satumba, 2001, wanda duniya ta kalla a talabijin, da kuma hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, waɗanda suka fito a Afrilun 2004. Akwai gaskiya a wannan, sai dai ana bukatar hattara da kwanan wata. Ringu ya riga harin da shekara uku, Saw kuwa an ɗauke shi a 2003, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Janairun 2004, kafin fitowar hotunan. Saboda haka ba za a ce waɗannan al'amura ne suka haife su ba. Abin da za a iya cewa shi ne sun iske jama'ar da ta fara sabawa da ganin bala'in gaske a allo, a daidai lokacin da kyamara take ƙanƙancewa tana shiga aljihu, aka kuma kafa YouTube a 2005. Kiyoshi Kurosawa ya hango wannan tun 2001 a fim ɗinsa Kairo, inda fatalwowi suke shigowa ta intanet. Kaset na bidiyo ya shuɗe, amma ƙa'idar Samara, wato a kalla a tura wa wani, ita ce ƙa'idar da hotunan haɗari da na kisa suke yawo a kanta a wayoyin hannu.

7.0 Kammalawa

Wannan jigo bai game duk finafinan ban tsoro na zamanin ba. The Others na 2001 da The Descent na 2005 da Let the Right One In na 2008 kyawawa ne, kowanne kuma da tasa alƙibla. Amma a cikin biyar ɗin da aka duba, ma'aunin ya bayyana. Rec ne ya fi cika ta fuskar zubi da tsari, The Ring ya fi zurfin jigo duk da yawan bayaninsa, Paranormal Activity ya nuna cewa haƙuri da ƙofa a buɗe sun fi kuɗi aiki, Saw na farko ya fi sunan da magadansa suka jawo masa, Hostel kuwa ya gano cutar amma shi ma ya kamu da ita. Waɗanda suka yi nasara su ne suka sa mai kallo ya ji nauyin idonsa, ya tambayi kansa abin da ya zaunar da shi gaban wahalar wani. Tambayar ta fi matsa wa mutanen yau fiye da na 2002, domin a wancan lokaci kwafar kaset sai an nemi na'ura, yanzu kuwa taɓa allo da yatsa ya wadatar.