Baƙar Makomar Jaruma a Cikin Littafin Malika

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin makomar da aka ƙaga wa tauraruwar littafin Malika: Warrior Queen, wato labari cikin zane wanda Roye Okupe, haifaffen Legas, ya rubuta da Ingilishi. Kamfaninsa mai suna YouNeek Studios ne ya fara fitar da shi a shekarar 1917 da ɗari, wato 2017, kafin kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake buga shi daga shekarar 2021. Za a auna wannan makoma da ma'aunin mai karatu Bahaushe, kamar matashin da ke zaune a Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wanda ya tashi da jin labarin Sarauniya Amina tun yana firamare.

4.1 Tushen Tauraruwa

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa daga Amina aka samo Malika. Sunan daularta, Azzaz, juyin sunan Zazzau ne, sunanta kuma Larabci ne mai ma'anar sarauniya. An kafa labarin a ƙarni na 15, wanda ya dace da abin da ke cikin Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908, inda aka ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438. A can an ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana tarihi kuwa a ƙarni na 16 suke ajiye ta.

A kashin farko na littafin, Malika ta gaji sarauta daga mahaifinta, ƙasa ta rabu biyu, ta yi yaƙi ta haɗe kanta. Bayan nan sai ga maƙiya a cikin majalisarta, ga kuma rundunar daular Ming ta ƙasar Sin ta taso mata daga waje. Duk da cewa akwai takobin sihiri a labarin, jarumtakarta a nan ta shugabanci ce, domin tana da fada da mayaƙa da talakawan da take karewa.

4.2 Warwarar Jigon Makoma

A kashin da aka fara fitarwa da sunan Fallen Queen, wato sarauniyar da ta faɗi, marubucin ya ɗauke Malika daga zamaninta ya jefa ta cikin shekarar 2025, wadda a lokacin rubutun take nan gaba. Sama da shekara 500 ta shiga tsakaninta da gida. Babu gadon sarauta, babu runduna, babu wanda zai faɗi ya yi gaisuwa. Wadda da ake buga wa tambari sai ga ta tana yawo a ɓoye, tana fama da nauyin abin da ya wuce.

Idan aka lura, baƙin wannan makoma ba a mutuwa yake ba, a rabuwa da jama'a yake. A nan marubucin ya yi dabara, domin ya taɓo abin da Bahaushe ya fi tsoro ga mai mulki. Hausawa na cewa sarki goma zamani goma, amma tsohon sarki ko an tuɓe shi yana da waɗanda suka san ko shi wane ne. Malika ko wannan ba ta samu ba. Za a ƙara ganin zurfin abin idan aka kwatanta da ƙarshen Amina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri cewa a Atagara ta rasu, nesa da gida. Amma sunanta ya zauna a kan ganuwoyin da ake jingina mata, da kwalejin 'yan mata a Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. Ke nan Amina ta mutu sunanta ya rayu, Malika kuwa ta rayu a zamanin da sarautarta ta zama labari.

4.3 Naƙasun Jigo

Duk da wannan nasara, akwai gyara. Duniyar 2025 da aka jefa Malika ita ce wadda marubucin ya riga ya gina a littafinsa na E.X.O. na shekarar 2015, wadda cibiyarta birni ne mai suna Lagoon City da aka zana bisa siffar Legas. Saboda haka sai rabon ya kasance kamar haka: Arewa ta ɗauki jiya, da dawakai da takubba da rawuna, Kudu kuma ta ɗauki gobe, da benaye da na'urori. Matashin Daurawa da ya buɗe littafin zai ga kakanninsa a shafukan farko, amma da labarin ya tsallaka zamaninsa sai ya nemi kansa ya rasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda sunan unguwarsa ma yake tuna masa Daura, garin da aka ce mata sun yi ta sarauta har zuwa kan Daurama.

Bugu da ƙari, raba Malika da jama'arta ya tura ta cikin zubin jaruman littattafan zane na Amurka, waɗanda kan ɓoye kamanninsu su yi faɗa da mugu su da 'yan abokan tafiya. A tatsuniya da tarihin Hausa kuwa, jarumi da kirari ake saninsa, kirari kuma sai a gaban taro.

4.4 Naɗewa

A taƙaice, baƙar makomar Malika ta ba labarin nauyi, domin ta tilasta wa mai karatu ya tambayi abin da ya rage wa sarauniya idan aka raba ta da mutanenta. Sai dai an amsa tambayar ne a wajen ƙasar da ta haifi tauraruwar. Wannan giɓi aiki ne da ke jiran marubuta da masu zane na ƙasar Hausa, su zana gobe ta Zariya da Kano da hannunsu.