KALLO YA KOMA ƊAKA

Akwai wata gardama da samari ke yawan tafkawa a majalisa, wai shin kallon fim a gida ya fi, ko kuwa zuwa silima? Wannan ya ce gida akwai sirri da kwanciyar hankali, wancan ya ce ai fim bai cika fim ba sai a babban allo. To ni dai a nawa ganin duk sun bar jaki suna dukan taiki. Abin tambaya shi ne, da wa kake kallon, kuma me wurin kallon ya mayar da fim ɗin kansa?

Mu fara daga tushe. Mutumin ƙauye, kamar na ƙasar Batsari ko Safana, majigi ya fara sani. Tun zamanin Turawa motar gwamnati ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a nuna irin su Baban Larai don koyar da noma, ga mai sharhi yana bayani da Hausa. Kyauta ne, kuma gari guda ake fitowa. Ita kuwa silima 'yar birni ce. A Kano an buɗe Rex a 1937, sannan su Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba suka biyo baya, inda fina-finan Indiya irin su Mother India na 1957 suka sami gindin zama. Amma tun farko ba ta shigo da farin jini ba. Da gobara ta tashi a silimar El-Duniya a 1951 mutum 331 suka rasu, da yawa cewa suka yi ai ishara ce. Yaro in aka ce masa ɗan silima, to an zage shi. Mace kuwa in ta kuskura ta leƙa, shi ke nan ta yi sallama da sunanta.

Wannan shi ne babban laifin silima a ƙasar Hausa: ta tara maza ta bar mata a gida. Saboda haka duk mai kukan mutuwarta ya tuna cewa rabin al'umma ba su taɓa cin moriyarta ba.

Sai ga kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Abin da silima ta hana matar kulle, kaset ya kai mata har tsakar ɗaki. Ta aiki yaro da 'yan canji ya karɓo haya, maƙwabta su shigo, amarya da uwargida su zauna tabarma guda. Ai kuwa masu shirya fim suka gane ko su wane ne iyayen gidansu, suka karkata ga abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya: auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, makircin uwar miji. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka koma fim. Wannan riba ce babba, ba kuma mai musunta ta sai ɗan gardama.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Fim ɗin da aka yi don ƙaramar talabijin, shi ma sai ya ƙanƙance. Dubi yawancin fina-finan wancan lokaci, mutum biyu ne zaune a kan kujerar falo suna ta zuba, kyamara a kafe kamar an dasa ta. Abin da ya kamata ido ya gani sai baki ya faɗa. Ga kasuwa, ga gona, ga rafi, ga duwatsu, amma ina! Daga falo sai lambun da za a yi rawa. Tun da Sangaya ya yi kasuwa kowa ya ce sai da waƙa, ko labarin ya nema ko bai nema ba. Labarin awa ɗaya a ja shi kashi na ɗaya da na biyu don a sayar da kaset biyu a Ƙofar Wambai. Kwatanta wannan da Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Don babban allo aka yi shi, shi ya sa hoto ke ɗaukar nauyin labari tare da magana.

Me ya jawo haka? A silima ɗan kallo alƙali ne. Ya biya kuɗinsa ya zauna cikin ɗaruruwa, in fim ya yi daɗi a yi tafi da sowa, in ya yi lami a yi ihu nan take. Mai kallon ɗaka kuwa in abu ya gundure shi sai ya tashi ya duba tukunya, mai fim bai ji ba bai gani ba.

Tsakanin biyun akwai gidan kallo, wato silimar talaka: rumfar kwano ko zana, benci, talabijin da janareta mai hayaƙi. Nan samarin ƙauye ke haɗuwa kan fim ɗin Indiya ko ƙwallon Turai. Shi ma dai na maza ne, amma aƙalla ana kallo tare, a fito ana muhawara har ƙofar gida.

Yanzu kuwa kallo ya wuce falo ya shige tafin hannu. Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shirye masu dogon zango, daga baya irin su Izzar So suka mamaye YouTube. Wanda ba shi da kuɗin data ya je shagon masu turawa a cika masa waya da 'yan kuɗi kaɗan, alhali wanda ya zuba jarinsa ya yi fim ɗin sau da yawa ko sisi ba ya gani. Sai ka shiga gida ka tarar miji da wayarsa, mata da tata, yaro a lungu ya toshe kunne. Kaset ya tara iyali a tabarma guda, waya ta raba su. A da uba yana iya cewa a kashe wannan bai dace ba. Yau me zai kashe?

Mutanen yammacin Katsina su suka fi kowa sanin zafin wannan magana. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan bakin dajin Rugu, taron dare ya zama kasada, ƙarar janareta da hasken allo suka zama abin tsoro, kowa ya shige ɗaka da wuri. Nasu kallon gidan ba zaɓi ba ne, dole ce, wadda aka ce ƙanwar na ƙi. Sannan a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka fara maido da su. A watannin nan mai dogara da intanet ya ga iyakarta. Abin takaici kuma, manomin Ruma ko Runka da ya bar gonarsa ya yi gudun hijira, in ya kunna fim ɗin Hausa da wuya ya ga kansa a ciki. Sai gidajen bene da motoci da 'ya'yan Alhaji. Haba masu fim! Ku da kuka iya shiga ɗakin matar kulle kuka faɗi damuwarta, me ya hana ku leƙa rumfar ɗan gudun hijira?

To mai karatu, in ka tambaye ni wanne ya fi, sai in ce duk inda za a kalla tare a kuma tattauna, nan ya fi. Magidanci ya ware dare ɗaya a mako, a ajiye wayoyi, a kalli fim guda da iyali, in an gama a tambayi yara me suka fahimta. Masu fim kuma su riƙa aiki kamar mutum ɗari biyar ne za su zauna su yi musu alƙalanci. Allah Ya dawo mana da zaman lafiyar da za a sake kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar Batsari, maza da mata su fito ba fargaba, amin.