Yatsun da ke gane igiyar da za ta tsinke

Duk wanda ya taɓa jan guga daga rijiya mai zurfi ya san ba a gane lafiyar igiya tana yashe a ƙasa. Sai nauyi ya hau ta, silin da ya soma ci yake tona kansa. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani furotin, zaiksin, da ya ƙware a wannan ganewa, kuma gwanintarsa tana ba ni mamaki matuƙa.

Ƙwayar halitta ba a sake take ba. Tana kafa turaku, furotin ɗin da ake kira integirin, a kan shimfiɗar da take zaune, sannan ta ɗaure su daga ciki da igiyoyin aktin, ta ja. Da wannan ja take sanin ko wurin mai tauri ne ko mai laushi, ta yanke shawarar tafiya, ko rabuwa biyu, ko zama. A gindin turakun nan ne furotin masu yatsun zinki, irin su zaiksin, suke taruwa.

Yatsan ba wani babban abu ba ne. Zare ne na amino asid wajen 55 da ya naɗe, takwas daga cikinsu, galibi sistin da histidin, suka riƙe ƙwayar zarra biyu ta zinki kamar maɓallan riga. A cire zinkin, naɗin ya warware. Ana kiran wannan sashe LIM, daga harufan farko na furotin uku da aka fara ganinsa a jikinsu wajen 1990: Lin-11, Isl-1 da Mec-3. Yatsun zinki na farko da Aaron Klug ya bayyana a Kambirij a 1985 DNA suke kamawa. Na LIM kuwa 'yan'uwansu furotin suke kamawa. Wani furotin, faksilin, wanda sunansa ma daga kalmar Latin mai ma'anar ƙaramin turke aka samo shi, yana da LIM huɗu: da su yake maƙalewa a wurin ɗaurin, ɗaya ƙarshensa kuma yana tattaro masu kai saƙo cikin ƙwayar.

Zaiksin kuwa LIM uku gare shi. Mary Beckerle, ta Jami'ar Yuta a Amurka, ita ta gano shi. A 2005 ɗakin bincikenta ya nuna cewa idan aka miƙe ƙwayar halitta, zaiksin yakan baro gindin turaku ya bi igiyoyin. A 2010 suka kalli abin kusa-kusa, bayan sun sa masa alama mai ƙyalli: igiya ta soma sirancewa a wuri guda, nan da nan wurin ya haskaka, zaiksin ya taru, ya kira wasu furotin biyu, alfa-aktinin da VASP, aka yi ƙari, igiyar ta koma kaurinta. Ƙwayoyin da ba su da shi, igiyoyinsu sun fi tsinkewa.

To wa ke gaya masa inda ɓarnar take? A 2020 masu bincike a Jami'ar Rockefeller da ta Shikago, kowa da nasa gwajin, suka ware aktin da maiyosin mai jan sa, suka zuba LIM. Zaren da ke sake, yatsun ba su kula shi sosai ba. Wanda aka ja ya yi tsauri, shi suka damƙe. Ashe babu ɗan aike. Yatsun da kansu suke jin jan.

Zuciyarka tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kowane bugu kuma yana miƙe bangon jijiyoyin jininka. Ƙwayoyin wannan bango suna ɗauke da zaiksin.