Kafin a Raba Inji

Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce, ba ranar da ɗan acaɓa zai so mashinsa ya yi masa gardama ba. Amma ranar ce wani saurayi ya turo nasa cikin rumfar wani dattijon bakanike a bakin hanyar Magama, ina zaune kan benci ina jiran a ɗaure mini birki. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Tun daga wajen Ɗan Isa, in ji shi, giya ta biyu take tsalle ta koma firi da zarar ya murɗa totur, ta ɗaya kuwa ba ta shiga sai da ƙara, ƙwas, mashin ya zabura kamar jakin da aka tsikara.

"Baba, a raba injin nan kawai. Giyar ta mutu."

Dattijon bai ko tashi daga kan tsohuwar tayar da yake zaune ba. "Wa ya ce maka ta mutu? Tada shi in ji."

Aka tayar. Ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce a kama kuloci a sa ta ɗaya. Mashin ya yi ƙwas, ya fara jan jiki gaba alhali hannun yaron na damƙe da kulocin har ƙarshe. Dattijon ya ɗaga hannu aka kashe.

"Ta biyu kaɗai ke fita, ko har ta uku?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Wani sa'in har ta uku, Baba. In na faɗa rami."

"To, ka gani."

Ni dai ban ga komai ba a lokacin. Sai daga baya na fahimci cewa tambayar nan ita ta ceci aljihun yaron. Giyar da ta cinye ita kaɗai take fita, kuma tana fita ne sa'ad da aka ɗora mata nauyi. In kuwa yau ta biyu ce, gobe ta uku, ko ramin hanya ya isa ya fitar da ita, to laifin ba na giyar ba ne, na abin da ke riƙe ta ne a wurinta. Shi kuwa wannan abin yana bayan murfin gefe, ba sai an sauke inji an raba shi biyu ba. Tsakanin aikin awa biyu da aikin kwana biyu ke nan.

Duk gwanintar mutumin nan a jerin bincikensa take. Daga waje yake farawa, daga abin da ba ya cin kuɗi, yana matsawa ciki sannu a hankali. Da farko ya taɓa sarƙa da yatsa, don sarƙar da ta yi sako-sako tana sa sauya giya ya zo da fizga. Ya kama sandar da ake takawa ya girgiza, ya ga ko tana motsi ita kaɗai ba tare da ƙarfen da ta hau ba. Wannan ciwo ne na tsofaffin babura: notin ya kwance, ƙananan zanen da ke kan ƙarfen su goge, mutum ya yi ta taka iska. Masu gaggawa walda suke bugawa su haɗe su, kuma a ganina wannan ba gyara ba ne, bashi ne, domin ranar da za a zare ƙarfen nan sai an yanka. Na yaron lafiya lau yake.

Sannan ya ɗora mashin kan tsayuwar tsakiya, inji a kashe, ya tsuguna. Hannu ɗaya yana juya tayar baya, ɗayan yana danna sandar giya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya dawo. Ya sake. Ya rufe ido ma. Dukkansu sun shiga, amma ya ce suna shiga "ba daɗi", ba ya jin ƙas ɗin nan da giya mai lafiya take yi idan ta zauna. Abu biyu ya samu a tsugune ɗaya. Tunda giya na shiga sumul idan inji a kashe yake, tana ƙara idan yana aiki, kuloci ne ba ya sakin inji gaba ɗaya. Tunda kuma ba ta zama da ƙarfi, sifirin ɗin da ke riƙe ta ya gaji.

Mai karatun da bai taɓa leƙa cikin inji ba zai so sanin me ƙafarsa take yi idan ya taka. Giyoyin babur kullum a haɗe suke, haƙori cikin haƙori, a kan sanduna biyu. Abin da ke sauyawa shi ne wacce aka kulle da sandar. A gefen wasu giyoyin akwai 'yan ƙahonni, a gefen maƙwabtansu akwai ramuka. Idan aka tura wannan ta manne da waccan, ƙaho ya faɗa rami, giya ta shiga. Masu turawar wasu ƙarafa ne masu baki biyu da ake ce wa cokali. Su kuma cokulan wata 'yar ganga ce ke jan su, wadda aka sassaƙa wa hanyoyi masu lanƙwasa a jiki kamar aikin gara a azara. Duk taku ɗaya, ganga ta juya kaɗan, cokali ya bi hanyarsa ya matsa dama ko hagu. A bakin gangar akwai wani ƙarfe mai siffar tauraro, da ɗan hannu mai ƙaramar taya da sifirin ke dannawa cikin lungun tauraron. Wannan ɗan hannun shi ne mai gadi. Idan sifirinsa ya saki, ganga sai ta riƙa yawo, rami ɗaya a hanyar Gurbin Ɓaure ya isa ya juya ta.

Kafin ya buɗe murfi sai da ya juye baƙin mai a wani tsohon kwano. Nan ma akwai karatu. Ya shafa a yatsu ya murza, ya kai hanci, ya ɗaga kwanon ya karkata shi a rana. Man ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna, kuma bai kai rabin abin da ya kamata ba. Ya jefa maganaɗisun tsohuwar sifika a ciki ya ciro. Gari-gari ne kawai ya manne, babu ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi.

"Yaushe rabonka da juye?"

"Tun kafin azumi, Baba."

Bai ce komai ba. Yaran shagon ne suka yi dariya.

Ba a Jibiya aka fara wannan sakaci ba. Lokacin da Honda za ta ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, injiniyoyinta sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka ga yadda mutane ke lafta wa babur kaya, suna barin mai sai ya zama kamar kunu, ba a kai shi gareji sai ya tsaya cak. Sai suka yi inji mai jure wulaƙanci, kuma da yawa daga baburan Cana da suka cika ƙasar Hausa daga tsarinsa aka kwafo su. Sai dai juriya tana da iyaka. A yawancin baburan nan mai ɗaya ne yake wanke inji da kuloci da giya. Tsohuwar Jincheng mai hayaƙi ce ta bambanta, ita man giyarta daban, wanda take ƙonawa daban, shi ya sa masu ita kan manta da na giyar shekara guda. Ƙara da yashin hanyoyin nan na kan iyaka, da buhu uku a baya, da ɗabi'ar samari ta buga giya ba kuloci don a ce sun iya, za ka gane dalilin da rumfunan kanikawa ba sa rasa baƙi.

Da murfin dama ya fita, sai ga abin a fili. Wayar kuloci ta miƙe, wasanta ya yi yawa, ko an ja ta har ƙarshe ba ta raba farantan. Ya ce wasan da ake so a bakin hannu bai wuce faɗin ɗan yatsa ba: in ya yi yawa giya ta yi ƙara, in babu shi sam kuloci ya riƙa zamewa yana ƙonewa. Ya zare farantan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarfen ya kwantar da su kan wani guntun gilashi, yana danna gefe da yatsa. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, ya ware shi. Kwandon da suke zama ciki ya yi tsaga-tsaga inda kunnuwan farantan suka shekara suna bugu, suna maƙalewa a ciki. Ya ɗauko zarto mai laushi ya goge tsagar, a hankali, yana cewa in ka ci da yawa ka sayi ƙara. Sababbin farantan da ya aika yaro ya sayo bai sa su a bushe ba, sai da ya jiƙa su a mai.

Sifirin ɗin mai gadi kuwa, da ya ciro shi ya ajiye kusa da sabo, ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ya duba notin tauraro, ya same shi ya fara kwancewa, ya ɗaure. Gasket ɗin murfin ya yage wajen buɗewa; dattijon ya ɗora kwali a bakin murfin yana bubbuga shi da kan sufana har siffar ta fito, ramukan noti da komai.

Na tambaye shi, in da ƙahonnin ne suka cinye fa? Ya ce sai a raba, babu makawa, amma ba kowa ya kamata ya raba ba. Akwai wasoshi sirara a tsakanin giyoyi waɗanda in ɗaya ta ɓata ko ta sauya wuri, inji zai rufu lafiya amma giya ta ƙi. Shi a waya yake zura su bi da bi yadda suka fito. Cokalin da ya lanƙwashe yana nuna kansa da tabon ƙuna mai shuɗi-shuɗi. Kuma ba a canza giya ɗaya a bar abokiyar zamanta, don ramin da ya goge zai cinye sabon ƙaho. Kafin a shafa gam a rufe, sai an juya ganga da hannu an ga kowace giya ta shiga ta fita.

Irin wannan haƙuri ya ƙara daraja a 'yan shekarun nan. An rufe iyakar Najeriya a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A tsakani aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi, sabon babur ƙirar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Wanda a da zai sayar da tsoho ya cika ya sayi sabo, yanzu lallaɓa tsohon yake yi. Kayan gyara kuma sun cika da jabu, har wasu kanikawan sun fi yarda da giyar da aka ciro daga mataccen inji na asali a kan sabuwa mai ƙyalli a leda.

Da aka zuba sabon mai, dattijon da kansa ya hau. Ya ce wa babban yaronsa ya hau baya, don giya ba ta faɗin gaskiya sai da kaya. Suka nufi wajen yashi, muna jin inji yana ja a ta biyu, yana ja, bai saki ba. Da suka dawo ya tsaya, ya nemo firi da taku ɗaya, ya sauka ya miƙa wa saurayin tsohon sifirin ɗin a tafin hannu.

"Riƙe wannan. Ta biyun ta fara gogewa kaɗan, amma za ta kai ka damina in ka daina buga ta ba kuloci. Jeka, kasuwa ba ta watse ba."

Yaron ya durƙusa ya yi godiya, ya biya, ya sa ta ɗaya. Ba mu ji shigarta ba. Dattijon ya goge hannu da tsumma, ya juyo wajena ya ce, "Malam, kai kuma birki ko?"