Masallaci a Saman Ƙofa: Ribaɗin Susa

Wanda ya hango ribaɗin Susa a gaɓar tekun Tunisiya ba zai ce wurin ibada ne ba. Katangar dutse ce mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin mita 38, ga hasumiyoyi a kusurwoyi, ƙofa kuwa ɗaya tak. A saman mashigar an bar kafofi, ta yadda masu tsaro za su yi wa maƙiyi ruwan duwatsu kafin ya kai tsakar gida.

Tsoro ne ya gina shi. A ƙarni na 8 da na 9 jiragen ruwan Rumawa kan kai hari garuruwan gaɓa, sai masu mulki suka jera irin waɗannan gine-gine a bakin teku. Na Munastir, Harsama bin A'ayan ne ya kafa shi a 796. Doguwar hasumiyar na Susa kuma aikin Sarki Ziyadatullahi na Ɗaya ne, na gidan Aglabawa, a 821. Daga kanta ake duban teku, da dare a kunna wuta don a sanar da ribaɗi na gaba, daga nan kuma ake kiran salla.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda aka aza masallacin. Ba a tsakar gida yake ba, inda ya fi aminci. Yana bene, a ɓangaren kudu, daidai saman ƙofa, wato wurin da hari zai fara faɗawa. Bangon alƙibla shi ne bangon waje na katangar. Ke nan mutumin da ya tsaya a sahu, a bakin aikin gadinsa yake tsaye. In an yi kururuwa, daga sallama sai kwari da baka. A ganina maginan sun san abin da suke yi. Mazauna wurin masu sa kai ne, suna kwana a ƙananan ɗakunan da suka kewaye tsakar gidan, suna karatu da azumi, kuma a wurinsu zaman dako a kan iyaka ibada ce. Saboda haka ba su ga dalilin raba ɗakin salla da wurin tsaro ba.

Sai dai ba kare kai kaɗai aka yi a nan ba. Daga tashar Susa rundunar alƙali Asadu bin Furatu ta tashi zuwa Sisili a 827.

Mu ma mun san ribaɗi, amma namu ya sha bamban. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837, ba gini guda ya yi ba. Gari ne sukutum mai ganuwa, da malamai da manoma da iyalansu a ciki, domin iyakar da yake tsaro ta tudu ce, kuma sai da noma ake iya riƙe ta.